Garkuwar Jiki da Kumburin Hanji Mai Naci a Yara: Ƙarfi Ne Ya Yi Yawa Ko Rauni Ne?

Iyayen yaron da aka gano yana da kumburin hanji mai naci sukan ji magana iri biyu da ba sa haɗuwa. A asibiti likita zai ce garkuwar jikin yaron ce ke masa ɓarna, kuma maganin da za a ba shi rage mata kaifi zai yi. A gida kuwa dangi za su dubi yadda ya rame, jininsa ya yi ƙasa, tsawonsa ya tsaya, su ce ai wannan garkuwarsa ce ta mutu, a nemo masa abin da zai ƙara mata ƙarfi. Kowane ɓangare ya riƙe wani gefe na gaskiya. Abin da binciken shekaru talatin da suka wuce ya nuna shi ne cewa matsalar ta fi kama da rushewar zaman lafiya tsakanin garkuwar jiki da ɗimbin halittun da ke zaune a cikin hanji, kuma a jikin yaro guda ana iya samun rauni a wani sashe na garkuwar tare da wuce gona da iri a wani sashen.

Wace cuta ake nufi?

Kumburin hanji mai naci, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan IBD, suna ne da ya tattara cututtuka biyu. Ta farko ita ce cutar Crohn, wadda ta samo suna daga Burrill Crohn, likitan asibitin Mount Sinai na birnin New York da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa biyu a 1932. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, tana tsallake wani wuri ta kama wani, kuma tana ratsa kaurin bangon hanji har ta kai ga toshewa ko yoyo. Ta biyu ita ce gyambon babban hanji, wanda a asibiti ake kira alsaretif kolaitis. Samuel Wilks ya bayyana shi a Landan tun 1859. Shi yana farawa ne daga dubura ya yi sama ba tare da tsallake ba, kuma saman bangon hanji kaɗai yake ci. A wasu yara, musamman ƙanana, ba a iya tantance wacce ce a cikin biyun, sai a bar ta a matsayin wadda ba a rarrabe ba.

Alamominta sanannu ne: gudawa da ta ƙi tsayawa makonni, jini ko majina a bayan gida, ciwon ciki, rama, zazzaɓi mai zuwa yana komawa, wani lokaci ƙurji ko tsagewa a dubura. Waɗannan alamomi ne ke sa a ɗauke ta a matsayin atini, ko basir, ko ɗankanoma, ko gudawar haƙori. Bambancin shi ne naci. Cutar takan lafa ta sake tashi, ba a ɗaukar ta daga wani, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu ita suna fara ta ne kafin su cika shekara 20. A yara takan fi faɗi fiye da a manya. Yawancin yaran da ke da gyambon babban hanji, alal misali, ana samun ya mamaye babban hanjin gaba ɗaya tun ranar da aka gano shi.

Aikin garkuwa a cikin hanji

Garkuwar jiki ba gaɓa ɗaya ba ce kamar hanta ko ƙoda. Runduna ce ta sel, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, tare da sinadaran da suke aika wa juna saƙo. Waɗannan sinadaran saƙo su ake kira saitokain. Wasunsu na hura wutar kumburi, kamar TNF da IL-6 da IL-23. Wasu na kashe ta, kuma babba a cikinsu shi ne IL-10. Kumburi a nan ba ya nufin tasowar fata kawai. Yana nufin dukan abin da jiki ke yi idan ya ji an taɓa shi: jini ya kwararo, fararen sel su taru, wurin ya yi zafi ya yi ja.

Babu inda aikin garkuwa ya kai na hanji wuya. A cikin babban hanjin mutum akwai bakteriya tiriliyoyi, yawancinsu masu amfani ne: suna narka harzar abinci, suna samar da wasu bitamin, suna hana miyagun ƙwayoyin cuta wurin zama. Abin da ya raba su da jini shimfiɗar sel ce mai kauri ɗaya tak, an lulluɓe ta da majina. A ƙarƙashin wannan shimfiɗa ne ɗimbin sel ɗin garkuwar jiki suke jibge. Kullum abinci na wucewa, kullum bakteriya na gogar bango, kuma dole garkuwa ta san wanda za ta yi wa shiru da wanda za ta far wa. Mai gadin da ke dukan duk wanda ya zo ƙofa ya ɓata gida, haka ma wanda ke barci.

Ana kiyaye wannan zama ta hanyoyi da dama. Majina na nisanta bakteriya daga bango. Wasu sel na musamman da ke ƙaramin hanji, waɗanda ake kira sel ɗin Paneth, suna fesa sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. Niyutrofil da makrofej, fararen sel masu haɗiye duk abin da ya kutso, suna share ɓarna da sauri kafin ta yi nisa. Sannan a cikin fararen sel da ake kira sel ɗin T akwai wani rukuni da aikinsu shi ne tsawatarwa, su ne ke fitar da IL-10 su ce wa sauran a dakata. Yaro ba ya zuwa duniya da wannan tsari a kammale. Yana koyonsa ne a shekaru ukun farko na rayuwa, lokacin da bakteriyar hanjinsa ke kafuwa daga jikin uwa, da nono, da abincin yaye, da ƙasar da yake rarrafe a kai.

Inda zaman ke lalacewa

Hujja mafi ƙarfi cewa rigimar tsakanin garkuwa da mazauna hanji take ta fito ne daga gwaje-gwaje biyu. A 1993 masu bincike a birnin Kolon na Jamus sun samar da ɓerayen da jikinsu ba ya yin IL-10, sai ɓerayen suka kamu da kumburin hanji ba tare da an sa musu wata cuta ba. Bayan 'yan shekaru aka reni irin waɗannan ɓeraye a wurin da babu bakteriya ko ɗaya, sai hanjinsu ya zauna lafiya. A ɓangaren mutane kuma, likitoci a Leuven ta Beljiyam sun nuna a 1991 cewa idan aka yi wa mai cutar Crohn tiyata aka karkatar da bayan gida daga wani sashe na hanji, sashen ba ya sake kumbura, amma da zarar an mayar da hanyar sai cutar ta dawo. Ke nan sai abu biyu sun haɗu: garkuwar da ta rasa linzami, da bakteriyar da za ta tunzura ta.

A 2001 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Faransa ɗaya a Amurka, suka gano ƙwayar gado ta farko da ke da alaƙa da cutar Crohn, mai suna NOD2. Ƙwayar gado ita ce rubutaccen umarnin da ɗa ke gada daga iyaye, wanda ke faɗa wa sel yadda za su yi aiki. Abin da ya ba masana mamaki shi ne aikin NOD2 gano bakteriyar da ta kutso cikin sel ne, kuma nau'in da ke jawo cutar shi ne wanda ya gaza wannan aiki. An yi zaton za a tarar da garkuwa mai zafin kai, sai aka tarar da mai gadi da ba ya gani sosai. Daga baya an gano wurare fiye da 200 a cikin kundin gadon ɗan Adam da ke da hannu a cutar, da yawansu sun shafi ƙarfin bangon hanji, ko yadda sel ke narkar da bakteriyar da ta haɗiye, ko hanyar saƙon IL-23. Kowannensu ɗan ƙaramin tasiri yake da shi. Ko tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu iri guda ne, sau da yawa ɗaya na da cutar ɗayan ba shi da ita. Nau'o'in NOD2 da aka sani ma a tsakanin Turawa suka yawaita. Da wuya a same su a Japan ko Sin ko Afirka ta Yamma, alhali cutar na samuwa a can.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan majina ta yi sirara, ko sel ɗin bango suka saki juna, bakteriya za su ratsa. Idan masu sharar farko ba su kawar da su da wuri ba, sai a kira runduna ta biyu, sel ɗin T, waɗanda ke zuwa da TNF da sauran sinadaran hura wuta. Wutar na ƙara ƙona bango, bangon na ƙara ɓulewa, wasu bakteriyar na ƙara shiga. A haka cutar ke ciyar da kanta.

Ra'ayoyin masana

A nan ne aka rabu. Ra'ayin da ya daɗe yana rinjaye shi ne cewa cutar wuce iyakar garkuwa ce, kuma hujjarsa a bayyane take: magungunan da ke danne garkuwa suna kawo sauƙi. Wasu har suna jera ta cikin cututtukan da jiki ke yaƙar kansa, ko da yake a cutar Crohn abin da garkuwa ke hari ya fi zama bakteriyar hanji, naman hanjin kuwa tsautsayin fagen fama ne ke cin sa.

Ra'ayi na biyu, wanda Anthony Segal na Jami'ar Kwalejin Landan ya yi fice wajen karewa, ya ce tushen cutar Crohn rauni ne. A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, sun nuna cewa idan aka yi wa masu cutar ɗan rauni a hanji ko a fata, niyutrofil ba sa taruwa a wurin kamar yadda suke yi a jikin masu lafiya. Kumburi mai naci, a ganinsu, sakamako ne na sharar da ba a yi da wuri ba.

Ra'ayi na uku ya ɗora nauyin a kan bakteriyar kanta. A 2014 an wallafa binciken da ya duba yara 447 a Arewacin Amurka da aka gano suna da cutar Crohn kafin a fara musu magani. An tarar nau'o'in bakteriya masu son kumburi sun yawaita a bangon hanjinsu, masu amfani kuma sun ragu, cikinsu har da dangin da ke samar da butiret, wani sinadari da ke ciyar da sel ɗin bango yana kuma ƙarfafa sel masu tsawatarwa. Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa kumburin ne da kansa ke sauya bakteriyar, don haka abin da aka gani toka ce, ba ashana ba.

A ganina waɗannan ra'ayoyi uku sun fi kusa da juna fiye da yadda masu su ke nunawa, kuma yara ƙanana ne suka tabbatar da haka.

Abin da jarirai suka koya wa likitoci

Idan cutar ta fara kafin shekara 6, ana kiran ta mai saurin farawa, idan kuma kafin shekara 2 ne ana kiran ta ta jarirai. A wannan rukuni ne ake samun yaran da matsalarsu ƙwayar gado ɗaya ce tak ta lalace. A 2009 masu bincike a Landan da Hanoba ta Jamus suka ba da rahoton yaran da suka fara mummunan kumburin hanji da yoyon dubura tun a shekarar farko ta rayuwa, babu maganin da ya yi musu aiki. An gano sel ɗinsu ba sa jin saƙon IL-10, wato ana cewa a dakata amma babu kunnen ji. Aka yi wa ɗaya daga cikinsu dashen ɓargo daga ɗan'uwansa, cutar ta kwanta. Sabuwar garkuwa ta warkar da hanjin da wuƙar tiyata ta kasa.

Akwai kuma kishiyar wannan. Yaran da aka haifa da cutar da ke hana niyutrofil kashe bakteriyar da suka haɗiye, wadda ake kira CGD, kusan rabinsu na samun kumburin hanji da ke kama da cutar Crohn matuƙa. Haka yara maza masu lahani a ƙwayar gadon XIAP, wanda aka fara danganta shi da cutar bayan an karanta kundin gadon wani yaro a jihar Wisconsin ta Amurka da ya sha tiyata ba adadi. A nan rauni ne tsantsa ya haifar da kumburi. Rashin linzami da rashin ƙarfi, hanyoyi biyu mabambanta, sun kai ga gyambo iri ɗaya.

Irin waɗannan yara ba su da yawa. Da aka karanta gadon yara kusan 1,000 masu cutar a wani asibitin yara na Toronto, kashi 3 cikin ɗari ne kawai aka samu da lahani a ƙwayar gado ɗaya. Amma gano su na da muhimmanci, domin maganinsu daban ne. Wani abin lura ga al'ummar da auren zumunta ya yawaita a cikinta, har da tamu, shi ne lahanin da ya shafi IL-10 sai yaro ya gaji gurɓataccen kwafi daga uwa da uba duka yake bayyana, kuma iyalan farko da aka gano shi a cikinsu auren dangi ne. Wannan ba hujjar zargin kowa ba ce. Dalili ne na gaya wa likita gaskiya idan ya tambayi dangantakar iyaye, ko ya tambaya ko an taɓa rasa jariri da irin wannan ciwo a gidan.

Me ya sa take ƙaruwa?

Gadon ɗan Adam ba ya sauyawa cikin shekaru hamsin, amma cutar ta ƙaru sosai a cikinsu, da farko a Turai da Arewacin Amurka, yanzu kuma a biranen Asiya da Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka, da Afirka ma. A Kanada, tsakanin 1999 da 2010, sababbin kamuwa a yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun riƙa hawa da kimanin kashi 7 cikin ɗari kowace shekara. Binciken baƙin da suka yi ƙaura zuwa lardin Ontario ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar mutum lokacin da ya isa, gwargwadon haɗarinsa. Wannan na nuni da cewa akwai abin da ke faruwa a farkon rayuwa, lokacin da garkuwa ke karatunta.

Bincike a Denmak da Kanada ya sami alaƙa tsakanin yawan shan antibayotik, wato magungunan kashe bakteriya, a ƙuruciya da kamuwa da cutar Crohn daga baya. Alaƙa ba ta zama hujjar sababi, domin wataƙila wasu yaran an ba su maganin ne saboda alamun cutar da ba a riga an gane ba. Duk da haka, ya isa ya sa a yi hattara da al'adar sayo wa yaro antibayotik a kemis duk lokacin da ya yi mura ko gudawa. Shayar da nono na da alaƙa da raguwar haɗari. Ana kuma zargin abincin gwangwani da na leda mai ƙarancin harza.

Akwai hasashen da ke cewa tsabtar zamani ta raba yara da ƙananan halittu da tsutsotsin ciki da ke horar da garkuwa. An gwada shi kai tsaye, aka ba masu cutar ƙwan wata tsutsar alade su sha. Gwaje-gwajen farko a jihar Iowa sun ba da fata, manyan da suka biyo baya ba su nuna amfani ba. Ƙazanta ba rigakafi ba ce, kuma gudawar da gurɓataccen ruwa ke kawowa ta fi wannan cuta kisan yara nesa ba kusa ba. Zargin da aka yi wa allurar ƙyanda a Birtaniya a shekarun 1990 shi ma bai tabbata ba. Binciken da ya biyo baya bai sami alaƙa ba, kuma a 2010 mujallar da ta buga fitacciyar maƙalar Andrew Wakefield, likitan da ya yaɗa zargin, ta janye ta, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita.

Tasirinta a kan girma

Abin da ya fi bambanta cutar yara da ta manya shi ne girma. Sinadaran TNF da IL-6 ba sa tsayawa a hanji. Suna kashe sha'awar abinci, suna hana hanta amsa kiran sinadarin girma, suna raunana ƙashi, suna jinkirta balaga. IL-6 na sa hanta ta fitar da wani sinadari mai suna hefsidin da ke kulle ƙarfen jiki, shi ya sa maganin ƙarin jini na sha sau da yawa ba ya tasiri sai an kwantar da kumburin. Wani yaron ma tsayawar tsawo ce alamarsa ta farko, tun kafin gudawa. Lokacin girma kuwa ƙayyadadde ne, idan ƙasusuwa suka rufe ba a dawo da abin da aka rasa.

Magani da hattarar da yake buƙata

Kusan duk magungunan cutar garkuwa suke nufa. Siteroid na kashe wutar da sauri amma yana danne girma, don haka ba a son a daɗe a kansa. Infliximab, wanda ke kama TNF ya hana shi aiki, an amince da shi a Amurka ga manya a 1998, ga yara masu cutar Crohn a 2006. Bayansa an samu masu toshe IL-23 da masu hana fararen sel shiga bangon hanji. Sai dai garkuwa ba fitila ba ce da ake rage wa haske kawai. Wani magani da ke toshe IL-17, wanda ke aiki sosai a wata cutar fata, da aka gwada shi a cutar Crohn sai ya ƙara tsananta ta, domin IL-17 na cikin masu riƙe bangon hanji.

Abin sha'awa shi ne maganin farko da ƙungiyoyin likitocin yara na Turai suka fi so ga cutar Crohn abinci ne. Yaro zai bar duk wani abinci na mako 6 zuwa 8 ya rayu a kan wata madara ta musamman mai cikakken gina jiki, kuma kimanin 8 cikin 10 cutarsu na lafawa, bangon hanji ya warke, nauyi ya dawo. Sauya abin da ke ratsa hanji ya isa ya kwantar da garkuwa, abin da ke ƙarfafa ra'ayin masu duban bakteriya. Wannan madara likita ne ke tsara ta, ba a maye gurbinta da ta kanti.

A ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, kuma Nijeriya na sahun gaba a jerin Hukumar Lafiya ta Duniya, akwai haɗari na musamman. Tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn a alamomi da hoto, har a ƙarƙashin madubin awo. TNF kuma shi ne ke riƙe da katangar da jiki ke killace ƙwayar tarin fuka a ciki, idan aka toshe shi sai cutar da ke kwance ta farka. Haka atinin amiba yana kama da gyambon babban hanji, kuma ba wa mai shi siteroid na iya kai ga ɓulewar hanji. Gwajin bayan gida na kalfrotektin, sinadarin da niyutrofil ke zubarwa, yana nuna akwai kumburi amma ba ya faɗin sababinsa. Shi ya sa kafin a taɓa garkuwar yaro sai an nemi ƙwayoyin cuta a bayan gida, an binciki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, an leƙa hanji da na'ura an gutsuro ɗan nama don awo.

Batun rigakafi ma na buƙatar tsari. Alluran da ba su da ƙwaya mai rai ba su da matsala, ana ma ƙarfafa yin su. Masu ƙwaya mai rai da aka raunana, irin na ƙyanda da shawara da ɗigon shan inna da BCG, ana so a kammala su kafin a fara maganin danne garkuwa, ko a jinkirta su bisa shawarar likita. Jaririn da uwarsa ta karɓi infliximab a ƙarshen goyon ciki ana ɗaga masa BCG na wasu watanni, domin maganin na ratsa mabiyiya ya zauna a jininsa bayan haihuwa.